Gida a Gwanja, Magada a Gummi



Maganar da zan yi yau a kan dukiyar da mamaci ya bari a wata ƙasa ce, watau yadda magada kan karɓo ta, da yadda sukan sayar da ita. Mutanen yammacin Zamfara sun daɗe da sanin wannan al'amari, domin kuwa fataucin goro ne ya kawo musu shi tun ƙarni na 19.

A wancan zamani Gummi matattarar fatake ce, kuma ita ce cibiyar Kambarin Barebari, waɗanda suka yi suna a fataucin Gwanja kamar yadda Agalawa da Tokarawa suka yi a ƙasar Kano. Ayari kan ratsa ƙasashen Anka da Bukkuyum ya sauka Gummi, ya haye Kwara, ya keta Bargu, sannan ya isa Salaga, babbar kasuwar goro, wadda yau take cikin Gana. Ba duk wanda ya tafi ke dawowa ba. Wani ya mutu a hanya, wani kuma ya yi aure can, ya gina gida, ya zama mai saukar da baƙi.

Gadon wanda ya mutu cikin ayari ba shi da wuya. Madugu kan sa a ƙidaya jakunansa da goronsa gaban shaidu, a biya bashi, a kawo saura gida, alƙali ko malamin gari ya raba. Wahala tana ga gida, don gida ba ya hawa jaki. Daɗin daɗawa, darajarsa ba a ginin take ba, tana ga fataken da suka saba sauka cikinsa. In mai gida ya rasu ba wanda ya riƙe baƙinsa, abin da ya rage katanga ce da rijiya. An ga haka a fili a 1892, sa'ad da yaƙin basasa ya watse Salaga, 'yan kasuwa suka ƙaura Kete Karachi da Kintampo da Kumasi, suka bar gidajen da ba mai taya su.

Malaman Malikiyya ba su manta da wanda ba ya nan ba. Risala ta nuna cewa in wani cikin masu tarayya ya sayar da rabonsa, abokin tarayyarsa yana da haƙƙin shufa'a, watau ya biya kuɗin ya karɓe. Mazauni haƙƙinsa kan faɗi bayan shekara guda, amma na wanda ke nesa yana nan kome daɗewarsa. Wanda labarinsa ya yanke kuwa, matarsa takan jira shekara 4 bayan ta kai magana gaban alƙali, dukiyarsa kuma ba a raba ta sai ya kai shekarun da ba a zaton yana da rai, 70 a mashahurin zance. A ganina hukunci ne mai kyau, sai dai yana bukatar alƙalin da maganarsa ke da ƙarfi inda gidan yake, kuma nan ne gizo ke saƙa. A ƙasar Asante ƙasa ta kujerar sarauta ce, baƙo gini kaɗai ya mallaka. Ga kuma 'ya'yan da aka haifa a Zango, waɗanda ke kwana cikin gidan, alhali 'yan'uwansu na Gummi sunansa kawai suke ji.

Zuwan Turawa ya ƙara takarda a kan wannan. Dokar 1907 ta ƙasar da ake kira Gwalkwas a lokacin ta ce ba a raba gadon Musulmi bisa shari'a sai in an yi wa aurensa rajista cikin mako guda da ɗaurawa. Falke nawa ne ya san da wannan?

Babbar girgiza ta zo ran 18 ga Nuwamba 1969, da gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takardar zama mako 2 su fita Gana. Wanda aka ba kwana 14 ba ya ciniki. An sayar da gidaje da rumfuna a wulaƙance, fitar da kuɗin kuma sai da izinin hukuma. Waɗansu suka bar wa aboki amana da baki kawai, amanar ta zama gardama bayan mutuwar su biyun. Kada dai mu yi saurin zargi: mu ma mun kori mutanen Gana a 1983, zamanin Shagari.

Daga baya Gana ta yi dokar gado ta 1985, wadda ta hau kan duk wanda ya mutu bai bar wasiyya ba, ko mene ne addininsa. Tsarin mulkin 1992 kuma ya hana baƙo mallakar ƙasa ta har abada, sai haya da ba ta wuce shekara 50 ba. Saboda haka magajin da ke Gummi ko Anka, ko da yana riƙe da takardar rabon gado daga kotun shari'a, ba zai sayar da ɗaki ɗaya a Zangon Kumasi ba sai kotun can ta ba da izinin kula da gadon, kuma sai ya naɗa wakili a rubuce.