Batirin ajiyar wuta a gida: yadda ake sanin girman da ya dace

A Yamai da Maraɗi da Damagaram da Tawa, ɗaukewar wutar lantarki ta fi yawa a lokacin bazara, daga watan Maris zuwa Mayu, sa'ad da zafi ke wuce digiri 40 kuma kowa ya kunna fanka. Shekaru da dama kamfanin NIGELEC yana sayo wani babban kaso na wutarsa daga Najeriya. Da aka yanke wannan wuta a watan Agusta na 2023, birane sun sha duhu na tsawon awowi kowace rana, har zuwa watan Maris na 2024 da aka maido ta. Shi ya sa magidanta da yawa suke sayen batir da na'urar juya wuta, wadda ake kira inbata. Sai dai da yawa suna sayen batir bisa ga maganar mai shago kawai. Wani batirinsa ya ƙare kafin tsakar dare, wani kuma ya mutu kafin shekara ta zagayo, kuɗi sun tafi a banza.

Aikin batir dabam, aikin inbata dabam

Batir kamar randa yake, shi ke ajiye wuta. Inbata kuwa kamar moɗa take, ita ke ɗebo wutar ta kai wa kayan gida. Wutar batir bolt 12 ce, ta gida kuma bolt 220 ce, inbata ce ke juya ta farko ta koma ta biyu. Girman inbata yana nuna yawan kayan da za a iya kunnawa a lokaci guda. Girman batir shi ke nuna tsawon lokacin da za su yi a kunne. Wanda ya sayi babbar inbata da ƙaramin batir, ya sayi babbar moɗa ne ga ƙaramar randa.

A jikin kowane batir akwai lamba biyu. Ta farko tana da harafin V, wato bolt. Ta biyu tana da haruffan Ah, wato amper-awa. Idan aka ninka su, za a sami yawan wutar da ke ciki. Batir mai 12 V da 200 Ah yana ɗauke da wat-awa 2400.

Lissafin

A fara da rubuta kayan da ake so su yi aiki idan wuta ta ɗauke. Kowane kaya yana da lamba mai harafin W, wato wat, a bayansa ko a ƙarƙashinsa. Ga misalin wani gida:

Ƙwan fitila 4, kowane wat 10: wat 40
Fanka 2, kowace wat 60: wat 120
Talabijin 1: wat 50
Cajin salula: wat 10

Jimilla wat 220 ke nan. A ce wuta takan ɗauke na awa 4. Sai a ninka 220 sau 4, a sami wat-awa 880. Wannan shi ne abin da kayan za su ci.

Amma ita ma inbata tana cin rabonta, domin wani ɓangare na wutar yana komawa zafi a cikinta. Saboda haka a ƙara kashi ɗaya cikin biyar: 880 da 176 sun zama 1056.

A nan ne mutane suka fi yin kuskure. Batir mai dalma, wanda shi ne ya fi yawa a kasuwa, ba a shanye shi duka. Rabinsa kawai ake sha. Idan ana ƙarar da shi kullum har inbata ta yi kuka ta mutu, wani farin gishiri yana daskarewa a kan farantan dalmar da ke ciki, batirin ya daina riƙe caji. Don haka sai a ninka 1056 sau 2, a sami 2112. Daga nan a raba da 12, a sami 176 Ah. Wannan gida yana bukatar batir mai 200 Ah, domin shi ne girman da ya fi kusa daga sama. Gara a yi sama da a yi ƙasa, musamman da yake ana auna lambar Ah ne da sha a hankali, galibi na awa 20. Idan an sha wutar da sauri, batir ba ya ba da dukan abin da aka rubuta masa.

Da mai gidan nan ya sayi batir mai 100 Ah, da awa 2 da ƴan mintoci kawai zai samu ba tare da cutar da shi ba. Idan kuwa yana son fanka ɗaya da ƙwan fitila ɗaya su kwana a kunne, wat 70 ke nan sau awa 8, wato 560, ƙasa da lissafin farko. Rage kaya ya fi ƙara batir sauƙi ga aljihu.

Dutsen guga da abin dafa ruwa da murhun lantarki, kowanensu yana cin wat 1000 ko fiye. Kada a sa su cikin lissafi, kada kuma a haɗa su da inbata. Firiji yana da nasa hali: lokacin da injinsa zai tashi yana fizgar wuta ninki da yawa fiye da abin da yake ci idan yana tafiya. Mai son haɗa firiji ya nemi shawarar ma'aikacin lantarki tukuna.

Wane irin batir?

Batirin mota bai dace ba, ko da yake ya fi araha. An yi shi ne domin ya ba da wuta mai ƙarfi na ɗan lokaci ya tayar da inji, ba domin a sha shi dare bayan dare ba. A nemi wanda aka yi domin ajiya, irin na hasken rana. Akwai mai ruwa, wanda ake buɗewa a duba, akwai kuma rufaffe.

Akwai kuma batirin litiyom, wanda ake rubuta wa LiFePO4. Shi ana iya shan kashi 80 cikin 100 nasa. A gidan misalinmu, litiyom mai 100 Ah zai yi kusan aikin mai dalma na 200 Ah. Yana jure cikawa da shanyewa sau dubbai, mai dalma kuwa sau ɗaruruwa ne, ko dubu da wani abu idan mai kyau ne kuma an kula da shi. Tsadarsa a ranar saye take. Wanda ake ɗauke wa wuta kullum, kuma yana da hali, litiyom ya fi masa riba. Sai dai ya tabbata inbatarsa ta san cajin wannan iri.

Idan aka haɗa batir biyu masu 12 V, kan mai alamar ƙari na ɗaya da kan mai alamar ragi na ɗayan, za a sami 24 V, lambar Ah kuma ba ta canzawa. Idan aka haɗa ƙari da ƙari, ragi da ragi, bolt yana nan 12, Ah ne ke ninkawa. Inbata ce ke faɗin wanda take so. Ba a haɗa tsoho da sabo, ko babba da ƙarami, domin raunannen zai ja mai ƙarfin ƙasa.

Caji da zafi

Batir ba ya ƙirƙirar wuta, abin da aka zuba masa shi yake mayarwa. Mai dalma na 200 Ah ana cajinsa da kimanin amper 20. Idan an sha rabinsa, yana bukatar awa 6 zuwa 8 kafin ya cika sosai. In wuta tana dawowa na awa 2 kawai ta sake ɗaukewa, ƙara batir ba zai magance komi ba, domin ko ɗayan ma bai cika ba. Batir mai dalma da ke zama rabi-rabi kwana da kwanaki yana lalacewa. Maganin wannan shi ne faifan hasken rana, wanda zai cika shi da rana ko akwai wutar gari ko babu.

Masu ƙera batir mai dalma suna lissafin shekarunsa ne a zafin digiri 25. Duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 yana rage tsawon rayuwarsa da kusan rabi. A ƙasarmu wannan ba ƙaramar magana ba ce. Kada a ajiye shi a ɗakin kwano da rana ke gasawa, ko kusa da murhu. A nemi wuri mai inuwa da iska ke ratsawa, inda yara ba sa kaiwa. Batir mai ruwa yana fitar da wata iska mai kama wuta lokacin caji, don haka ba a kusantarsa da ashana ko sigari, kuma ba a sa shi a ɗakin kwana. A duba ruwansa kowane wata. Idan ya ragu, a ƙara tataccen ruwa wanda ake sayarwa domin batir, ban da ruwan rijiya ko na famfo. Ruwan da ke cikin batir yana ƙona fata da tufafi. Idan ya taɓa ido, a wanke da ruwa mai yawa nan take, a tafi likita.