Yadda ake koyon kiɗan tsirkiya a Sabo, jiya da yau

Kwanakin nan magana ta yi yawa a majalisun unguwa kan ko ya dace a buɗe wa yara, har da manya masu sha'awa, wani ɗan aji na koyon gurmi da kukuma ranakun Asabar. Wasu sun ce madalla, wasu kuma sun ce Allah ya kiyashe su da ɗansu ya zama maroƙi. Kafin a raba gardamar, yana da kyau mu san yadda kayan nan suka shigo Sabo da yadda ake koyon su a da, don abin da ake shirin yi yanzu ba haka kakanninmu suka san shi ba.

A 1916 aka yanka wa Hausawan Badun wannan fili kusa da Mokola. Kafin nan a cikin gari suke zaune, cuɗe da Yarbawa. Jirgin ƙasa ya riga ya iso Badun tun 1901, ya kai Kano a 1911, sai fataucin goro da shanu ya buɗe: goro ya yi Arewa, shanu su gangaro Kurmi. To inda kuɗi ya taru kuwa makaɗi ba ya jiran gayyata. Haka masu goge da garaya suka riƙa biyo fatake, su sauka gidan wani maigida, su wasa shi gaban baƙinsa, su yi bikin aure biyu ko uku, wani ya koma gida da rigunan kyauta, wani kuma zama ya kama shi.

Kowane abin kiɗa da mutanensa. Garaya mai tsirkiya biyu asalinta ta maharba ce, daga baya ta zama ta 'yan bori. Goge ma bori ya riƙe shi, shi da gidajen mata masu zaman kansu, waɗanda ba su da kaɗan a Sabon wancan zamani, mu faɗi gaskiya. Ita kukuma, ƙanwar goge, ta samari da 'yan duniya ce. Gurmi da molo sun fi shiga hira da wasan dare.

Babu wanda ya taɓa zaunar da yaro ya ce masa sa yatsa nan. Koyo bin ubangida ne. Yaro ko dai ya gada, ko kuma ya gudo ya liƙe wa wani makaɗi. Shekarar fari ba zai ma taɓa gogen ba, sai dai ɗaukar jaka da aike da shimfiɗa tabarma. Daga nan a ba shi ƙwarya ya riƙa bugawa a baya, ya shiga cikin 'yan amshi. A nan ne ainihin karatun yake, don kafin hannunsa ya kai ga tsirkiya kunnensa ya riga ya haddace kowane take, ya san inda ake hawa da inda ake sauka, ya san wane kiɗa ne na wane mutum. In maigida ya shiga barcin rana sai yaron ya saci gogen ya laɓe bayan ɗaki. Da yawa kuma da gwangwani da sanda suka fara, su haɗa nasu. Kuntigin da Ɗanmaraya Jos ya zaga duniya da shi ai ɗan gwangwani ne aka rufa da fata, tsirkiya ɗaya tal. Kuma mai koyo dole ya iya haɗa kayan da kansa: ya zaɓi ƙoƙo, ya jiƙa fatar damo ya ɗame ta, ya tsefe izgar doki, ya sassaƙa jakin da tsirkiya ke hawa.

Wannan hanya ta fitar da gwanaye, babu musu. Amma ƙofarta ƙunci gare ta. Ɗan attajiri ko ɗan malam ba zai bi ta ba, don bin makaɗi shiga roƙo ne. Magidanci mai sana'arsa ba zai ajiye rumfa ya ɗauki jakar wani ba. Mace kuwa iyakarta ƙwarya da shantu a cikin gida. Wato in ba ka shirya ba da rayuwarka gaba ɗaya ba, ba ka da rabo ko a take ɗaya.

Abin mamaki, maƙwabtanmu ba su ɗauki abin da wannan nauyi ba. Yarbawa sun karɓi goge suna ce masa goje, suka sa shi a kiɗan sakara tare da molo. Yusuf Olatunji, wanda ake kira Baba Legba, da shi ya yi suna har ya rasu a 1978, kuma manyan alhazai da 'yan kasuwa ne masu saurarensa.

Mu a nan abin ya fara ja da baya ne tun wajen 1952, lokacin da yawancin mazan Sabo suka shiga Tijjaniyya, unguwa ta ware da masallacin Juma'arta. Dama malamai tun zamanin jihadi ba su yi na'am da kiɗan tsirkiya ba saboda alaƙarsa da bori. Da wazifa ta cika yammacin unguwa, mai garaya sai ya koma lungu. Bai ɓace ba, amma wane uba ne zai miƙa masa ɗa?

Sai rediyo da kaset suka zo da nasu. A shekarun 1970 da 1980 babu rumfar mai shayi a Sabo da ba a jin kukumar Ibrahim Na Habu ko Garba Supa ko Hassan Wayam, ko gurmin Haruna Uji. Son kiɗan bai ragu ba, buƙatar makaɗi a kusa ce ta ragu. Da fiyano ta shigo waƙoƙin fim daga shekarun 1990, yaro mai kunne sai ya nufi situdiyo. Yau a cikin samarinmu da aka haifa a nan, da yawa ba za su bambance maka goge da kukuma ba.

Don haka ajin da ake magana ba farfaɗo da tsohuwar hanya ba ne, wata sabuwa ce: mutum ya koya awa biyu a mako, ya koma makarantarsa ko shagonsa, ba tare da ya wasa kowa ba. A ganinmu wannan ya amsa rabin tsoron iyaye. Sauran rabin, batun hukuncin addini, na malamanmu ne, kuma gara a je musu tun kafin a fara.

In an yarda za a yi, da gurmi ko kuntigi ya kamata a fara, don goge yakan daɗe yana kuka a hannun ɗan koyo kafin ya yi daɗi, yaro kuma saurin gajiya gare shi. Kada kuma a tsallake ƙwarya da amshi, ko da na wata biyu ne. Kaya ba za su gagara ba: ƙoƙo na kasuwa, zaren kamun kifi na tsayawa a madadin tsirkiyar gurmi, izga kuwa akwai dawaki a filin folo na Eleyele. Mai koyarwa ne aikin. 'Yan tsofaffin da suka rage masu iya kiɗan, da kallo suka koya, ba a taɓa tambayar su yadda ake yi ba, sai an sami wani mai haƙuri ya zauna kusa da su yana rage musu sauri.