Kayan Ɗaki da Kotu: Abin da Ya Faru a Indiya

A Indiya iyayen amarya ne ke biyan dukiyar aure, su kai wa dangin ango kuɗi da zinari da kayan gida. In ba su cika ba, yarinyar ce ke shan gori da duka, wata ma a ƙone ta a ce hatsarin murhu ne. An haramta wannan biya tun 1961, amma ba a fasa ba. A 1983 majalisa ta ƙara sashe na 498A a kundin hukunta laifuffuka: miji ko danginsa da suka gallaza wa mace suna iya shan ɗaurin shekara 3, kuma ƴan sanda na iya kama su ba sai da sammacin alƙali ba.

Doka ce mai kyau, sai dai ta zo da nata ciwon. In aure ya lalace, akan jera sunayen gida duka a takardar ƙara, har tsohuwar da ke fama da ƙafa da ƴar'uwar miji da ke aure a wani gari. A 2014, a shari'ar Arnesh Kumar, Kotun Ƙoli ta kawo lissafin 2012: an kama mutum 197,762, wajen kashi ɗaya cikin huɗu mata ne, amma kashi 15 cikin 100 kawai na shari'o'in suka kai ga hukunci. Ta hana kame ba bincike. A 2022, a shari'ar Kahkashan Kausar, ta soke tuhumar da aka yi wa uwar miji da sauran dangi, domin ba a faɗi takamaiman abin da kowannensu ya aikata ba.

Ni dai ban ga laifin alƙalan ba. Amma kada a manta, har a shekarar 2022 ɗin an ƙirga mata fiye da 6,000 da suka mutu kan wannan dukiya.

Mu nan Matamaye ango ke ba da sadaki, shi ya sa muke ganin abin can nesa yake. To, kayan ɗaki fa, da gara? Ranar jere dangin miji ke shiga su ƙirga kwanuka da gado da kujeru, gobe habaici ya fara. Zamanin Seyni Kunce hukuma ta ƙayyade sadaki don rage tsadar aure, amma har yau uwar amarya ce ke sayar da tunkiyarta ta ci bashi. Wata ɗalibata da aka aurar bara, kanta ɗaya ce ta gaza a kayanta, kuma har yanzu uwar mijin ba ta amsa gaisuwarta.