Lokacin da Malaminmu Yake Mushe

A lakwal ɗinmu ta ƙauye a ƙasar Dungass, tun tana ƙarƙashin Magaria kafin 2011, wanda ya yi Hausa a aji sai a rataya masa "sambol" a wuya, horon da muka gada daga Faransawa. Na sha ratayar saboda zaurance, wasan cusa gaɓa cikin kalma don kada manya su gane. Alhali iyayenmu ma lanƙwasa Faransanci suka yi: école ta koma lakwal, monsieur ya zama mushe. Ɗan kawuna na Daura har hawaye ya yi don dariya da ya ji malaminmu mushe ne. Tun 2025 Hausa ce harshen ƙasa a Nijar. Yau ni ne mushen, kuma idan kalmar kimiyya ta gagare ni, ɗalibaina masu zaurance nake tambaya.