Ambaliyar 2024 da Sauyin Kogunan Wasan Kwale-kwale a Duwatsun Afalashiya

Wannan sashe zai yi tsokaci ne a kan yadda ambaliyar da guguwar Helene ta haddasa ta sauya kamannin kogunan yammacin jihar Karolina ta Arewa da gabashin jihar Tenesi a ƙasar Amurka. Koguna ne masu gangarowa daga tsauni, ruwansu na karo da duwatsu har ya yi farin kumfa, shi ya sa matuƙa kwale-kwale suke zuwa daga nesa domin wasa da tsere a cikinsu.

Ambaliya ba baƙuwa ba ce a wannan yanki. A watan Yuli na 1916 guguwa biyu sun zubar da ruwa a jere, har aka auna inci 22 cikin awa 24 a Altapass, kogin French Broad kuma ya kai tsawon ƙafa 23.1 a birnin Asheville. Fiye da shekara ɗari wannan ambaliya ita ce ma'aunin da ake kwatanta kowace ambaliya da shi. Ranar 26 ga Satumba, 2024 Helene ta faɗa wa gaɓar tekun Fulorida, washegari ta iso tsaunuka, ta tarar ƙasa ta riga ta ƙoshi da ruwan kwanakin baya. A ƙauyen Busick ruwan da aka auna ya haura inci 30, French Broad kuwa ya kai ƙafa 24.67 a Asheville. Mutane fiye da 100 suka rasu a Karolina ta Arewa kaɗai, don haka asarar masu wasan ruwa ƙarama ce idan aka kwatanta da wannan.

Abin lura shi ne, sanin kogi irin wannan sani ne na haddacewa. Matuƙi yakan san kowace magangara da sunanta, ya san dutsen da zai kauce wa da wurin da zai sa filafili. Da ruwa ya yi ƙarfin mirgina manyan duwatsu, ƙasa kuma ta zaftaro daga gefen tsauni da itatuwa, sai wannan sani ya tashi a banza cikin yini guda. Alal misali, a kwazazzabon kogin Green da ake kira Narrows, inda ake yin tseren Green Race a farkon Nuwamba tun 1996, magangaru da dama sun sauya kama, har da shahararriyar nan da ake kira Gorilla. Bugu da ƙari, tashar lantarki ta Tuxedo, wadda sakin ruwanta ne yake ba matuƙa damar wasa ko da ba a yi ruwan sama ba, ta lalace, hanyar motar da ke bin gefen kogin ita ma ta yanke. Ba a yi tseren ba a 2024.

Sai dai kuma inda tarihin ya fi ɗaukar hankali shi ne kogin Nolichucky. Daga mashigin Poplar zuwa kusa da garin Erwin, kogin yana ratsa kwazazzabo na kimanin mil 8 wanda babu hanyar mota a cikinsa, sai layin dogo na Clinchfield da ke nan tun kafin ambaliyar 1916, wanda daga baya ya koma hannun kamfanin CSX. Helene ta kwashe layin, ta watsa ƙarafansa cikin ruwa, wato ta ƙara wa matuƙa wani sabon haɗari. Da kamfanin ya fara gyara, sai aka shigar da manyan motocin tono cikin kogin ana ɗibar duwatsu domin cike gindin layin. Ƙungiyoyin American Whitewater da American Rivers suka ce wannan aiki zai ɓata abin da ambaliya ta bari, suka kai hukumomin tarayya ƙara a Nuwamba 2024 bisa zargin ƙyale shi. Daga bisani rundunar injiniyoyin sojan Amurka, wadda ke ba da izinin aiki a koguna, ta umarci a daina ɗibar duwatsun ba da izini ba. Jiragen kaya sun koma bin layin a 2025. A nan za a iya cewa kogin ya sauya sau biyu, kuma sauyi na biyu ne ya kai mutane gaban alƙali, domin shi ne yake da mai shi.

Shi kuwa kogin Pigeon, matsalarsa ta hanya ce. Babban titin I-40 da ke bin kwazazzabonsa ya rufta cikin ruwa, kuma ta wannan titi ne baƙi suke isa ƙauyen Hartford, inda kamfanonin kwale-kwalen roba suke cin abinci. Sai ranar 1 ga Maris, 2025 aka sake buɗe shi, shi ma da layi ɗaya tak a kowane ɓangare.