Daga Takardar Haraji Zuwa Katin Zaɓe: Tarihin Koken Talaka a Ƙasashen Kazaure da Babura

Lokacin da mahaifina ya rasu, Allah ya jiƙansa, muka buɗe adakarsa domin rabon gado. A can ƙasa muka tarar da wani tsohon gwangwani cike da takardun haraji, an ɗaure su da zare, shekara bi shekara. Na farkon an rubuta su da fam da sule, na baya kuma da naira, tun da an canja kuɗi a 1973. Tsohon bai yi boko ba, manomi ne a wani ƙauye na ƙasar Roni, amma ya adana takardun nan fiye da yadda ya adana rigar sallarsa. Dalili kuwa shi ne, a zamaninsa ba ka shiga kasuwa ko ka kama hanyar Kano da kwanciyar rai sai da su a aljihu. Gwangwanin nan ne ya sa na ɗauki alƙalami, don in bi diddigin yadda dangantakar talaka da hukuma ta sauya a wannan yanki namu, da kuma abin da ya sa kukan da nake ji a bakin jama'a yau ya bambanta da wanda na taso ina ji.

Ya kamata mai karatu ya fara sanin ƙasar. Kazaure da Roni da Gwiwa, tare da 'Yankwashi, su ne ƙananan hukumomi huɗu na masarautar Kazaure. Ƙasa ce mai duwatsu da tsaunuka, inda mai haƙar rijiya kan ci karo da fa tun bai yi nisa ba, ya haƙura. Babura kuwa da can ƙasar Kano ce, yanzu tana ƙarƙashin masarautar Ringim, kuma jigawa ce mai rairayi wadda ta yi iyaka da Jamhuriyar Nijar. Saboda haka tun fil azal damuwar mutumin Roni ruwa ce, ta mutumin Babura kuwa hanya da kasuwa. Duk wanda ya mulki yankin nan, da waɗannan abubuwa ake auna shi.

Masarautar Kazaure kanta daga rashin gamsuwa ta samo asali. Ɗantunku, shugaban Fulani Yarimawa, ya taimaka wa jihadi a arewacin Kano, amma da Sarki Ibrahim Dabo ya hau gadon Kano a 1819 sai ya ƙi yi masa mubaya'a. An shekara biyar ana gwabzawa, kafin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya raba gardama a 1824, ya bar Kazaure ta ci gashin kanta. Wannan rikici ne na manya, na sani, amma jihadin da ya haife shi ya sami karɓuwa ne saboda koken ƙanana. A littafinsa Kitabul Farƙi, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya lissafa jangali da kuɗin gari da gaisuwar da ake kai wa masu mulki cikin zaluncin da ya ga ana yi wa jama'a. Abin mamaki, ba a daɗe ba waɗannan kuɗaɗe suka komo da sunayensu.

To, me talaka kan yi a wancan zamani idan abu ya ishe shi? Ƙafarsa ce makaminsa. Daji na da yawa, mutane kaɗan ne, kuma arzikin basarake yawan talakawansa. Idan dagaci ya matsa, sai a wayi gari a ga gida guda ya kwashe ya koma ƙasar Daura ko Katsina ko Damagaram. Garuruwan bakin iyaka irin Babura, da ke tsaron arewacin Kano daga harin Damagarawa, sun fi kowa bukatar mutane, don haka dole a lallashi wanda ya zauna. Ba na cewa adalci ya wadata a lokacin, domin yaƙi da kamun bayi sun ci mutane ba adadi. Abin da nake nunawa shi ne mai mulki yana jin zafin tashin talaka a jikinsa.

Da Turawa suka ci Kano a watan Fabrairu na 1903, zamanin Sarkin Kazaure Muhammadu Mayaƙi, sai al'amari ya ɗauki sabon salo. An haɗe kuɗaɗen da ake karɓa aka mai da su haraji na tsabar kuɗi, aka kafa baitulmali, aka tura hakimai su zauna a gundumominsu, aka sa malamai su rubuta sunan kowane baligi. Tsakanin 1906 da 1908 Ingila da Faransa suka kafa alamun iyaka a arewa da mu. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, manomi ya shiga noma ta domin ya sami kuɗin biyan haraji. Sai ga yunwar 1913 zuwa 1914, wadda tsofaffi ke kira Kakalaba, ta tarar da rumbuna ba kauri. Wata ta sake biyowa a 1927, ita ce 'Yar Buhu. Kakata takan ce abin da ya fi yunwar ciwo shi ne ganin ɗan sarki a ƙofar gida yana neman haraji alhali an kwana uku ba a ɗora tukunya ba.

Duk wanda ya haura shekara sittin ya san ma'aikatan En'e da ƙauye ya sani: malamin haraji, da mai ƙidayar shanu don jangali, da malamin daji mai kama wanda ya sare reshe, da dubagari mai leƙa randa, da ɗan doka. Kusan dukkansu karɓa ke kawo su. Wanda ya kasa biya akan shanya shi a rana a ƙofar dagaci, ko a sayar da akuyarsa a gabansa. Amma a lura da wani abu guda. Hukuma ta san sunan mahaifina, ta san yawan 'ya'yansa maza, ta san ko ya tafi cin rani. Ba ta taɓa ɓata hanyar ƙauyenmu ba, ko da damina ta cinye turbar.

Wannan matsi ne ya ba jam'iyyar NEPU kasuwa bayan kafa ta a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950. Malam Aminu Kano da mutanensa sun koya wa talaka abin da bai saba ba, wato ya tsaya inda yake ya yi magana maimakon ya tashi. Teloli da mahauta da 'yan koli da ke bin kasuwannin ƙauye su suka riƙa yaɗa ta, kuma da yawa sun sha ɗauri da bulala a kotunan alƙalai saboda haka. Mahaifina bai taɓa yankar kati ba, tsoro ya hana shi, amma ya gaya mini cewa ranar da ya fara jin wani ya tambayi inda kuɗin haraji ke tafiya a bainar jama'a, bai yi barci ba.

Ina makarantar firamare aka ƙirƙiro jihar Kano a 1967, Audu Bako ya zama gwamna. A zamaninsa aka karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun En'e, aka kuma shiga gina madatsun ruwa, ciki har da Tiga da Bagauda da tamu ta Muhammadu Ayuba a Kazaure. Farin 1972 zuwa 1974 na gan shi da idona: shanu na faɗuwa a bakin hanyar Daura, Buzaye da mutanen Nijar na kwararowa da 'ya'yansu. A 1975 cuta ta kashe gyaɗa, dalar Kano ta zama labari. Shekara guda bayan haka aka yi wa ƙananan hukumomi garambawul, aka kuma buɗe shirin ilimin firamare kyauta. Kuɗin man fetur ne ya ɗauki nauyin duk wannan.

Sai 1979, jam'iyyar PRP ta ci jihar Kano, Alhaji Muhammadu Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali da hawansa. Wanda bai ga murnar da aka yi ba, ba zai gane ta ba. Ni ina cikin masu murnar, kuma har gobe ina ganin daidai aka yi, don kuwa harajin nan wulaƙanci ne. Gwamnatin ta kuma kai lantarki garuruwa, ta buɗe azuzuwan yaƙi da jahilci. Sai dai da na daɗe a aikin gwamnati na fahimci wani abu da ba mu hango ba. Tun da kuɗin gudanar da ƙaramar hukuma ya koma zuwa daga asusun tarayya kowane wata, babu sauran abin da ke tilasta wa ma'aikaci ya taka zuwa ƙauye. Da manomi ya noma da bai noma ba, da ya zauna da ya tashi, kason wata zai iso. An sauke wa talaka kaya, amma tare da kayan aka ajiye littafin da sunansa ke ciki.

A nan dole in faɗi laifina. Bayan an ƙirƙiro jihar Jigawa ranar 27 ga Agusta, 1991, ina cikin ma'aikatan da suka kwashe fayil daga Kano zuwa Dutse, muna kwana a ofis saboda rashin gidaje, zuciyarmu cike da buri. Shekaru bayan haka, a wani ofishi da na riƙe, wasu dattawa uku daga wani ƙauye na ƙasar Gwiwa suka kawo takardar koke. Famfon burtsatsensu ya lalace tun kaka, mata na tafiya mai nisa kafin su sami ruwa, yara sun daina zuwa makaranta da safe saboda ɗiba. Malamin makarantarsu ne ya rubuta musu, suka dangwala yatsa a ƙasa. Na karɓe su hannu biyu, na ba su ruwan sanyi, na ce za a duba. Da suka fita na rubuta haruffan nan uku na Turanci da kowane ma'aikaci ya sani, K.I.V., ma'ana a ajiye sai an waiwayo. Babu kuɗin gyara a kasafin shekarar, akwai dai na haƙa sababbi, domin sabo ake kiran taro a buɗe, gyara kuwa ba mai ɗaukar hotonsa. Sun dawo sau biyu. A zuwa na uku mutum ɗaya ne ya zo, bai ma zauna ba, ya ce, "Ranka ya daɗe, mun haɗa kuɗi mun gyara, na zo ne in karɓi takardarmu." Na nema a fayil ban same ta ba.

Ba za a ce yankin nan ya rasa 'ya'ya a sama ba. Alhaji Ibrahim Saminu Turaki, mutumin Kazaure, ya yi gwamna daga 1999 zuwa 2007, kuma shi ya kafa makarantar koyon kwamfuta a garin. Alhaji Muhammadu Badaru Abubakar, mutumin Babura, ya yi daga 2015 zuwa 2023. A waɗannan shekaru takwas ɗin kuma Injiniya Sulaiman Adamu na gidan sarautar Kazaure shi ne ministan albarkatun ruwa na tarayya. Akwai kwalejin kimiyya da fasaha ta Husaini Adamu a Kazaure, an kafa jami'ar fasaha ta tarayya a Babura a 2021, a shekarar kuma aka aza harsashin layin dogo na Kano zuwa Maraɗi wanda aka tsara ya ratsa ta Kazaure. An shimfiɗa tituna da ba mu taɓa mafarkinsu ba. Wanda ya musanta wannan bai yi adalci ba. Amma malaman makaranta da ke karanta wannan sun fi ni sanin inda gizo ke saƙa: ajin da ɗalibai suka yi wa malami ɗaya yawa, ɗakin shan magani da aka yi wa fenti amma ba ma'aikaci da dare, taransifoma da ta ƙone har sai unguwa ta yi karo-karo. Manyan ayyuka daga sama ake yanke su. Ƙananan da rayuwar yau da gobe ta rataya a kansu suna hannun matakin da ya fi kusa da jama'a, kuma shi ne ya fi rauni. Ko hukuncin Kotun Ƙoli na ranar 11 ga Yuli, 2024, da ya ce a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, magana ce a kan hanyar da kuɗin zai bi ya sauko, bai taɓa batun wanda zai tambayi inda ya shiga ba.

Mutanen Babura kuma suna da nasu ƙarin. Sau uku a rayuwata aka rufe iyaka: daga 1984 zuwa 1986, daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, sai kuma bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024. Kowane karo an yanke shawarar a Legas ko Abuja, ba a tambayi mai sayar da gero ko dillalin dabbobi da rabin danginsa ke ƙasar Magarya ba. Na ƙarshen ya zo ne watanni kaɗan bayan cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, lokacin da kuɗin mota da na taki suka tashi tare.

Da zanga-zangar tsadar rayuwa ta ɓarke ranar 1 ga Agusta, 2024, har gwamnatin jiha ta sa dokar hana fita, Kazaure da Babura na cikin wuraren da abin ya yi zafi. Na yi baƙin cikin ɓarnar da aka yi, don dukiyar jama'a ce. Amma na lura yawancin yaran da suka fito ba su kai shekara ashirin da biyar ba. Ba su san haraji ba, ba su san NEPU ba, ba su taɓa rubuta takardar koke ba, kuma ban ga alamar sun san ofishin da ake kai ta ba.

Kwanan baya na je ta'aziyya ƙauyenmu, na ɗauki gwangwanin nan na nuna wa wani jikan yayana da ke sana'ar acaɓa. Ya jujjuya takardun, ya yi dariya, sa'an nan ya zaro katin zaɓensa daga bayan wayarsa ya ce, "Kaka, mu ga tamu. Su naku duk shekara ake zuwa nema, mu sai bayan huɗu." Na tambaye shi ko zai yi zaɓe mai zuwa. Ya ce sai ya ga abin da aka kawo ranar. Daga nan ya ɗaura jarkoki huɗu a bayan babur ya nufi garin da ke gaba, domin famfon ƙauyen ya yi wata biyu bai kawo ruwa ba.