Nürburgring: yadda ake auna gudun manyan motoci da abin da kowace daƙiƙa ke ci

Duk lokacin da masu sha'awar motoci suka shiga gardamar wace mota ce ta fi gudu, suna ɗaya ne ke yawan fitowa: Nürburgring. Filin tsere ne da ke cikin tsaunukan Eifel a yammacin Jamus, an buɗe shi a 1927. Kamfanonin ƙera motoci suna kai sababbin motocinsu can, su auna mintin da za su ɗauka kafin su zagaye shi sau ɗaya, sannan su yi talla da sakamakon. Wanda ya san yadda ake karanta wannan adadi zai gane cewa tsada da gudu ba sa tafiya kafaɗa da kafaɗa.

Filin da kansa

Ɓangaren da ake awo a kansa shi ne zagayen arewa, Nordschleife, mai tsawon kilomita 20 da mita 832. A hukumance yana da kwana 73, kuma tsakanin wurinsa mafi tudu da mafi gangare akwai tazarar kusan mita 300. Hanya ce siririya da ta ratsa daji, da hawa da sauka da kwanonin da direba ba ya ganin bayansu. Jackie Stewart, zakaran tseren Formula 1, shi ya laƙaba mata sunan da ke nufin "koren jahannama". Bayan mummunan haɗarin da Niki Lauda ya yi a 1976, Formula 1 ta daina tsere a wannan zagaye.

Wahalar hanyar ce ta ba ta daraja. Ƙarfin inji kaɗai ba ya isa: sai birki, taya, nauyin mota da yadda take riƙe ƙasa a kwana duk sun yi kyau.

Lokutan da aka fi ambata

A 1983 Stefan Bellof ya zagaye filin da motar tsere Porsche 956 cikin minti 6 da daƙiƙa 11. Shekara 35 ba a karya wannan ba, sai a 2018 da Timo Bernhard ya yi minti 5 da daƙiƙa 19 da Porsche 919 Hybrid Evo, wato matsakaicin gudun da ya haura kilomita 230 a awa. A 2019 Bafaranshe Romain Dumas ya yi minti 6 da daƙiƙa 5 da Volkswagen ID.R mai aiki da lantarki. Duk waɗannan motocin tsere ne, ba a sayar da su don hawa kan titi.

Cikin motocin da doka ta yarda su hau titi kuwa, ga wasu da ake yawan kwatantawa. Kuɗin na lokacin fitowarsu ne a Turai, an juya shi a kan CFA 655,957 kowane Yuro ɗaya:

Mercedes-AMG One, 2024: minti 6 da daƙiƙa 29. Ta haura Yuro miliyan 2, wato sama da CFA miliyar 1 da miliyan 300. Guda 275 kawai aka ƙera.

Porsche 911 GT3 RS, 2022: minti 6 da daƙiƙa 49. Kusan Yuro dubu 230, wajen CFA miliyan 150.

Honda Civic Type R, 2023: minti 7 da daƙiƙa 44. Kusan Yuro dubu 55, wajen CFA miliyan 36.

Kuɗin daƙiƙa ɗaya

Idan aka yi lissafi da waɗannan alƙaluma, daga Honda zuwa Porsche akwai tazarar daƙiƙa 55, bambancin kuɗi kuma wajen CFA miliyan 114. Kowace daƙiƙa ta tashi a kan kusan miliyan 2 ke nan. Daga Porsche zuwa Mercedes tazarar daƙiƙa 20 ce kacal, amma kowace daƙiƙa ta haura miliyan 55. Dalili shi ne daƙiƙun ƙarshe su suka fi wuyar samu. AMG One tana ɗauke da injin da aka samo daga motar Formula 1, kuma mai sayenta yana biyan ƙarancinta da sunanta, ba gudu kawai ba.

Motocin lantarki sun ƙara rikita lissafin. A 2023 Rimac Nevera ta ƙasar Kuroshiya, mai kusan Yuro miliyan 2, ta yi minti 7 da daƙiƙa 5. A 2025 Xiaomi SU7 Ultra, ta kamfanin Sin da aka fi sani da wayar salula, ta riga ta da ƙasa da rabin daƙiƙa. Kuɗinta a Sin ya fara daga kusan Yuwan dubu 530, ƙasa da CFA miliyan 50, ko da yake wadda ta yi gwajin an ƙara mata kayan tsere da ake saya daban.

Abin dubawa kafin a kwatanta

Na farko shi ne tsawon da aka auna. A da ana barin wani guntu na kusan mita 200 a wurin farawa, a auna kilomita 20 da mita 600. Tun 2019 hukumar filin ke auna cikakken zagaye, a gaban noter, wato jami'in shari'a mai tabbatar da takardu, tare da duba motar. Renault Mégane R.S. Trophy-R ta nuna bambancin a 2019: minti 7 da daƙiƙa 40 a tsohon awo, minti 7 da daƙiƙa 45 a sabo. Wanda ya ɗauki adadin farko zai ce ta fi Honda, alhali a awo ɗaya Honda ce gaba da kusan rabin daƙiƙa.

Na biyu taya. Yawancin gwajin ana yin sa da tayoyi masu laushi da ke kama kwalta sosai, amma suna saurin cinyewa kuma ba su da daɗin tuƙi cikin ruwan sama. Na uku direba da yanayi: ƙwararrun da suka haddace hanyar ne ke tuƙin, a filin da aka rufe musu. Maro Engel ya yi minti 6 da daƙiƙa 35 da AMG One a 2022, lokacin akwai danshi a wasu wurare. A 2024 ya rage daƙiƙa 6 da irin motar.

Talaka ma yana iya shiga

A wasu ranaku ana buɗe Nordschleife ga kowa, mutum ya biya kuɗin zagaye ya shiga da motarsa. A lokacin dokokin hanya na Jamus ne ke aiki, kuma an hana auna lokaci. Wanda ya yi haɗari shi zai biya gyaran shingen ƙarfe da kuɗin rufe hanya, kamfanonin inshora da yawa kuma ba sa ɗaukar nauyin abin da ya faru a can.

Abin da adadin ba ya faɗa

Lokacin zagaye yana nuna abin da mota za ta iya cikin ƴan mintuna a kwalta mai kyau, a hannun gwani. Ba ya faɗin yawan man da take sha, ko juriyarta ga zafi da ƙura, ko sauƙin samun kayan gyaranta. Irin waɗannan motoci gindinsu kusa yake da ƙasa, rami ko tudun rage gudu yana iya lalata su. Kuɗin da aka ambata ma na can ne: wanda zai shigo da ɗaya Nijar sai ya ƙara kuɗin jirgin ruwa, na ɗauko ta daga tashar ruwa, da na duwan.